Shagon Keke: Abin Da Ke Tsayar Da Shi Da Abin Da Ke Kayar Da Shi

Duk wanda ya san Tamale, ko Wa, ko Bolgatanga, ya san cewa keke, ko basukur kamar yadda tsofaffinmu ke kiransa, bai bar hanya ba tukuna. Babura sun yi yawa, masu ƙafa uku ma sun cika gari, amma har yanzu keke ne ke kai ɗan makaranta aji, shi ne ke kai manomi gona ya dawo masa da buhun masara. A Tamale har hanyar masu keke aka ware a gefen manyan tituna. Saboda haka samarinmu na zango da ke tunanin buɗe shagon keke ba su yi wauta ba. Sai dai da yawa sukan buɗe, shekara ba ta zagayo ba ka ga an mayar da wurin shagon aski. Galibi kuma ba rashin iya gyara ne ke kayar da su ba.

Abu na farko da ya kamata mai shago ya gane shi ne, sayar da keke ba shi ne ke ciyar da gida ba. Keke guda yakan kwana wata biyu a rataye, kuɗinka na ɗaure a jikinsa. Abin da ke kawo na cefane kullum shi ne faci, da gyaran birki, da sa kaca, da miƙe ƙafar da ta karkace, da sayar da ƙananan kaya irin su bawul da boris da sholisho. Mai ɗan jari ya fara da kayan aiki masu kyau da waɗannan ƙananan kaya, kekunan sayarwa su biyo baya. Sifana ta ƙwarai guda ta fi na banza biyar, domin ta banza takan cinye kan noti, ka wayi gari kana biyan mai keke maimakon ya biya ka.

To, a nan ne sanin kaya yake shigowa, kuma a nan nake son in ɗan tsaya. A da kekunan ƙasar nan kusan iri ɗaya ne: Raleigh na Ingila, daga baya Phoenix na Sin, masu birkin ƙarfe da taya mai inci 28. Wanda ya iya ɗaya ya iya duka. Yanzu kuwa kwantenonin gwanjo da ke sauka a Tema suna zuwa da na Japan da na Turai da na Amurka, kowane da nasa awon. Tayar da aka rubuta wa 26 ba iri ɗaya ba ce. Ta keken hawan dutse daban, ta keken Japan mai kwando a gaba daban, kuma ɗaya ba ta hawa ƙafar ɗaya ko da za a kwana ana dannawa. Maganin wannan shi ne a duba ƙananan lambobin da ke jikin tayar: 559 ita ce ta keken hawan dutse, 590 ta yawancin na Japan masu inci 26, 622 ta yawancin na Turai, 635 kuma ta Phoenix. Bawul ma iri uku ne, kowane da bakin famfon da ya dace da shi. Wanda ya je sari Kumasi bai riƙe waɗannan ba, zai dawo da tayoyin da za su bushe a kan ƙusa. Kafin ka tafi, zauna bakin titin unguwarku kwana biyu ka ƙirga irin kekunan da ke wucewa. Su ne za su gaya maka abin da za ka saro.

(Ga yaran shago kuma, a koya musu tun ranar farko cewa fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran. Hannun feda nawa aka lalata saboda wannan, Allah kaɗai ya sani.)

Wurin shago ba ya bukatar dogon bayani. Kusa da makaranta, ko bakin kasuwa, ko hanyar da manoma ke shigowa gari, da inuwa, da ƙofa mai kwaɗo. Takardu kuma a yi su da wuri: rajistar sunan sana'a a ofishin rajistar kamfanoni, wadda ake sabuntawa duk shekara, da izinin aiki daga Asambili. Tun 2021 lambar da ke jikin Ghana Card ita ce lambar harajin mutum, don haka wannan ya zo da sauƙi.

Babban abin da ke cinye shaguna shi ne haɗa aljihu da akwati. A makaranta muna koya wa yara bambancin uwar kuɗi da riba, su ci jarrabawa, amma da sun buɗe shago sai su manta. Kuɗin aikin hannu naka ne, ka ci. Kuɗin tayar da ka sayar ba naka ba ne, na tayar da za ta maye gurbinta ne. A yi akwati biyu, ko lambar MoMo biyu, a kuma sami littafi na 'yan makaranta a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kafin a rufe da magariba.

Kuma kada a yanka farashi bisa yadda aka saro, a yanka bisa yadda za a sake sarowa. Alal misali, ka sayi taya sidi 50, ka sayar 60, kana murnar ribar 10. Ka koma wurin sari ka tarar ta zama 65. Ashe faɗuwa ka yi ta 5, ga kuɗin mota. Wannan ba tatsuniya ba ce ga wanda ya yi kasuwanci a 2022, shekarar da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Kusan duk kayan keke daga waje suke zuwa, da dala ta motsa su ma sun motsa. Mai shago ya riƙa buga waya yana tambayar farashi ko da ba ranar sarinsa ba ce.

Sai maganar bashi, wadda a zango ta fi ko'ina wuya, domin mai keken ko dai ɗan limaminku ne, ko surukin yayanka. Ba na cewa a hana, wanda ya hana kowa zai zauna shi kaɗai da famfonsa. Amma ga ƙa'ida mai sauƙi: aikin hannu ana iya bari sai gobe, kayan da aka saro da kuɗi kuwa a biya kafin keke ya fita. A faɗi kuɗin gyara tun kafin a taɓa sifana, a kuma miƙa wa mai keke tsohon abin da aka cire ya gani da idonsa. Keken gwanjo da wani ya turo da hannu yana neman ko nawa ne, a bi shi a hankali. A nemi rasit, ko shaida da aka sani, a rubuta lambar da ke jikin ƙarfen keken da sunan mai sayarwa. Keken sata guda ya isa ya kai mutum caji ofis, ya kuma ɓata masa suna a unguwa.

A ƙarshe a lura da lokaci. A Arewa kuɗi yana hannun manoma ne bayan kaka, a nan ake sayen keke da sababbin tayoyi. Da damina kuwa laka da ruwa ne ke cin kaca da boris, aikin gyara ya yi yawa, kuɗi ya yi ƙaranci. Idan an kusa buɗe makarantu iyaye kan fito da kekunan yara da suka kwana a zaure. Mai shiga adashi ya roƙi a sa kwasarsa ta faɗo wata guda kafin kaka, domin ya yi sari tun kaya ba su tashi ba.