Gyaran Irin Kajin Gida: A Zaɓa ko a Sayo?

Duk wanda ya zaga kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba, ya ga yadda ake sauke kwandunan kaji daga ƙauyukan Malbaza da na Illela, kuma ya dubi 'yan tsakin gidan gona da fatake ke ƙetarowa da su daga Sakkwato, lalle zai fahimci mas'alar da ke damun masu kiwo a yau, watau shin mutum ya dage ga gyaran irin da ya gada, ko kuwa ya zuba kuɗi ya sayo sabo.

Hujjar masu saye ba ta da rauni. Kazar gida takan yi ƙwai arba'in zuwa sittin a shekara, alhali kuwa irin su Shika Brown, wadda masana suka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, sukan ninka wannan adadi sau da yawa. Amma sharaɗinsu mai nauyi ne, domin sai da abincin awo da magani da inuwa, galibinsu kuma ba su yin kwanci, saboda haka in sun tsufa sai a sake komawa kasuwa. Ita kuwa ta gida, da ɗan tsaki da dusa da garar da yara suka tono za ta yini tana kiwo, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, in shirwa ta gifta ta tara 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike. Bugu da ƙari, sau da yawa baƙuwar kaza ita ke shigo da annoba, kamar yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, ba a jima ba sai ga ta a Magariya.

To, mene ne ya hana irin namu ci gaba? Illar tana ga al'adarmu ta yau da kullum. In baƙo ya sauka, ko Salla ta zo, ko bukatar kuɗin magani ta taso, sai uwargida ta sa yara su kamo zakaran da ya fi ƙiba, a bar ƙanƙanin nan mai sanyin jiki ya zama uban garke. Shekara bayan shekara ana yanka nagari ana barin na baya, sa'an nan a ce iri ya lalace. Gyaran iri kuwa sai da ma'auni. Turawan Ingila tun 1865 suka rubuta siffofin da kowane irin kaza zai cika, har launin gashi da tsayin ƙafa. Mu ma'auninmu amfani ne: kaza mai yawan ƙwai, mai kyan kwanci, wadda 'yan tsakinta ke rayuwa, da zakara mai faɗin ƙirji wanda ya tsallake hunturu lafiya. Irin waɗannan a ɗaura musu zare a ƙafa, a haramta musu wuƙa da kasuwa.

Sai dai nasaba in ta yi kusa ainun takan raunana zuriya, don haka wajibi ne a sauya zakara duk shekara ko shekara biyu, a samo shi daga wani gari, a keɓe shi mako biyu kafin ya shiga akurki, zakara ɗaya ga kaji goma. Kuma a yi rigakafin cutar Newcastle kafin iskar hunturu ta taso, domin zaɓen shekara biyar yakan tafi a mako guda.

Saboda haka nasiharmu ga mai kiwo ita ce ya riƙe iyaye mata daga gidansa, ya sayo zakara kaɗai, in baƙo ya zo kuwa a yanka masa wanda ba a ɗaura wa zare ba.