Wanda Ya Warke Daga Amai da Gudawa Bai Sha Tauri Ba

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp tsakanin mutanenmu masu bin jirgi, 'yan kasuwa da masunta da masu zuwa biki ƙetaren ruwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya yi karatun lafiya ba, amma muryarsa irin ta wanda ya gama sanin komai ce. Ya fara da labarin wata cuta, norobairos, mai kwantar da fasinjoji a manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a Amurka da Turai. Daga nan ya juyo kanmu da shawarwari: a yanka albasa a ajiye cikin jirgi, a haɗiyi Flagyl kafin a tashi, a riƙe sanitiza a aljihu, a ɗebi ruwan sha daga tsakiyar kogi. Sai ya rufe da maganar da ta fi duka muni, wai duk wanda ya taɓa yin amai da gudawa ya tashi ya sha tauri ke nan, ba zai sake kamuwa ba, ba kuma zai shafa wa kowa ba, don haka ya shiga jirgi hankalinsa kwance ya ci abin da ransa ke so.

A ba shi gaskiyarsa tukuna. Cutar tana nan, kuma tana son jirgi. Sunanta ya samo asali ne daga garin Norwalk na jihar Ohayo, inda ta ɓarke a wata makarantar firamare a 1968, aka gano ƙwayarta a 1972. Tana bayyana awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki, da amai mai zuwa farat ɗaya, da gudawa mai ruwa, da murɗar ciki, yawanci kuma ta saki mutum cikin kwana 1 zuwa 3. Abin da mai saƙon ya bari a baya shi ne cutar ba ta Turawa ba ce. Hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana kamuwa da ita kusan sau miliyan 685 kowace shekara a duniya, tana kuma kashe yara wajen 50,000, akasarinsu a ƙasashe irin namu. Jiragen shaƙatawa sun yi suna da ita ne saboda ana ƙirga marasa lafiyar cikinsu, kuma da zarar sun kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko ma'aikata sai hukuma ta shelanta wa duniya. Mu a nan babu mai ƙirga wanda ya sauka a Wara ko Malale ya kwana yana zarya bayan gida.

Kuma duk abin da ke taimaka mata a waɗancan jiragen, namu sun fi su shi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya miƙe sama da kilomita 130, garuruwa da yawa na bakin ruwa a Ngaski da Shanga da Yauri hanyarsu mafi sauƙi ta zama jirgi. Mutane suna zaune gwiwa da gwiwa tsakanin buhunan albasa da kwandunan kifi, moɗa ɗaya na zagayawa, ana sa hannu a kwano ɗaya, buta ɗaya ce ta kowa, makewayi kuwa babu. Ko gajeren fiton Zamare zuwa Rofia ya isa hannu ya haɗu da hannu.

Albasa ba ta zuƙe ƙwayar cuta daga iska, ko ta Yauri ce. Flagyl ba ya taɓa bairos ko kaɗan, kuma shan sa ba dalili ɓarnar kuɗi ce da koya wa wasu ƙwayoyin jure magani. Sanitiza yana da amfaninsa a kan wasu cututtuka, amma a kan norobairos aikinsa kaɗan ne, sabulu da ruwa su ne gaba. Ruwan tsakiyar kogi kuwa ya ratso garuruwan da ke sama kafin ya iso gabanka, da duk abin da aka zuba masa a can. Halaccinsa ga alwala hukunci ne na ibada, bai ce ya dace da cikin yaro ba tare da an tafasa shi ba.

Maganar tauri ita ce ke buƙatar zama, domin tana da 'yar ƙwayar gaskiya a ciki, shi ya sa take shiga kunne. I, jiki kan yi garkuwa bayan ya yi fama da norobairos. Sai dai garkuwar ta irin ƙwayar da ta kama shi ce, kuma tana gushewa. An gwada wannan a kan mutane. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1977, an ba mutum 12 masu sa kai ƙwayar cutar suka sha, 6 suka kwanta. Bayan wata 27 zuwa 42 aka sake ba su irin wannan ƙwayar dai, ba wata ba, sai waɗannan mutum 6 ɗin suka sake kwanciya. Da aka maimaita wa wasunsu karo na uku bayan 'yan makonni kawai, yawancinsu ba su kamu ba. Wato kariyar tana nan a kurkusa, ta tafi a nesa. Masana har yau suna saɓani kan tsawonta, wasu na cewa watanni ne zuwa shekara 2, wasu lissafe-lissafen na baya sun kai ta shekaru kaɗan sama da haka. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne norobairos dangi ne mai rassa da yawa, yana kuma sauya kama, kuma mutum ɗaya kan kamu da shi sau da dama a rayuwarsa. Har yanzu babu allurar rigakafinsa da aka amince da ita.

Wannan fa idan norobairos ɗin ne ya kama ka tun farko. Abin da muke kira amai da gudawa alama ce da cututtuka daban-daban ke zuwa da ita: kwalara, rotabairos mai addabar jarirai, ƙwayoyin atuni, gubar abincin da ya kwana. Ba a bambance su da ido a bakin ruwa, sai an kai bayan gida ɗakin gwaji, kuma mutum nawa ne cikinmu aka taɓa yi wa haka? Wanda ya yi norobairos bara ba shi da wata kariya daga kwalara bana. Wanda ya tsira daga kwalara yana iya samun kariya daga ita kwalarar na wasu shekaru, amma ƙofarsa a buɗe take ga sauran. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya taɓa. Ka ce wa mutumin da ya ga wannan shekarar ya sha ruwan da ya ga dama don ya taɓa gudawa, wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Rabin maganar na biyu, wai wanda ya warke ba ya shafa wa kowa, shi ne ya fi ɓata mini rai, domin a nan ba mai gaskata saƙon ne zai cutu ba, na kusa da shi ne. Mai norobairos yana fitar da ƙwayoyi biliyoyi a amansa da bayan gidansa, alhali ƙasa da 100 sun isa kwantar da wani. Ya fi yaɗa ta lokacin da yake kwance da kuma kwanakin farko bayan ya miƙe, amma ƙwayar kan ci gaba da fita har mako 2 ko fiye. Tana iya yin kwanaki a jikin katako, da hannun buta, da murfin jarka. Kwalara ma haka take ta wani fannin: yawancin waɗanda ƙwayarta ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma suna zubar da ita a bayan gida kwana 1 zuwa 10. Saboda haka mutumin da ya tashi jiya, yana jin ƙarfi, ana yi masa barka, shi ne ya fi kowa buƙatar kiyaye hannunsa a cikin jirgi.

Mu duba yadda abin ke tafiya. Iya mai fura ta kwana biyu ba lafiya, yau ta ji dama-dama, ta ɗauko ƙwaryarta ta zo tasha. Ta wanke hannu da ruwa zalla kamar yadda ta saba, ta dama wa fasinja goma. Ko yaron jirgi ne, wanda shi ke tsoma moɗa a jarka ya miƙa wa kowa. Babu wanda zai ji komai a hanya. Sai gobe ko jibi, bayan kowa ya isa gida, sannan amai ya fara a garuruwa uku ko huɗu lokaci guda, kowane gida yana zargin rijiyarsa ko tuwon daren jiya. Shi ya sa ƙaryar nan ke daɗewa: wanda ya yaɗa cutar ba ya ganin waɗanda ya kwantar.

Ban ga laifin iya ba, ban kuma ga laifin baban da ya ji saƙon ya ji sanyi a ransa ba. Kasuwa ba ta jiran mai jinya, kifi ba ya jira, bashin kaya yana wuya, kuma wanda ya sha wuyar ciwon nan yana son a ce masa ya gama da shi har abada. Laifin yana kan wanda ya zauna ya naɗi murya a kan abin da bai sani ba, da kuma masu ilimin cikinmu da suka danna turawa ba su tsaya sun tambayi ko ma'aikacin lafiya ɗaya ba. Malam, kai da kake karanta takardar magani da kanka, tsohuwar da ka tura wa ta ɗauka ka bincika ne.

Abin da ake nema daga wanda ya warke bai kai ya zauna gida mako biyu ba. Ƙa'idar da hukumomin lafiya ke bi ita ce kada ya dafa ko ya raba wa jama'a abinci sai ya cika awa 48 da tsayawar amai da gudawar. Idan tafiyar za ta iya jiran waɗannan kwana biyun, ta jira, domin shi kansa jikinsa bai gama mayar da ruwan da ya rasa ba, kuma zaman rana a kan tafki ba zai taimake shi ba. Idan dole ce, ya tafi da gorarsa da kofinsa, ya bar wani ya raba abinci, ya riƙe guntun sabulu. Wankin hannu da sabulu na daƙiƙa 20, bayan kewayawa da kafin cin abinci, har tsawon mako biyun nan. Inda sabulu ya ƙare toka ta fi babu. Mai sayar da abinci ta wakilta 'yarta ko ƙanwarta na kwana biyu, ciniki bai tsaya ba, suna bai ɓaci ba.

Sauran fasinjoji, waɗanda suka taɓa yi da waɗanda ba su taɓa ba, dokarsu ɗaya ce. Ruwan da aka tafasa ko aka sa wa sinadarin kulorin, abinci mai zafi da aka sauke a gabanka, 'ya'yan itacen da kai za ka ɓare da wankakken hannu. Idan wani ya yi amai a jirgi kada a ce jirin ruwa ne kawai a share da tsumma a ci gaba da hira. Feshin aman yana ɗauke da ƙwayar zuwa kan abincin da ke buɗe da hannuwan da ke kusa. A janye yara, a rufe wurin da yashi ko ƙasa, a kwashe da leda a hannu, a wanke da bilic irin su Hypo ko Jik, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, a bar shi ya ɗan jima kafin a ɗauraye. Matuƙan jiragenmu sun fara sabawa da maganar rigar ruwa tun bayan hatsarin Wara na watan Mayun 2021 da ya ci rayuka masu yawa. Jarkar ruwan wanke hannu da sabulu da kwalbar bilic ba su kai kuɗin rigar ruwa ɗaya ba, kuma ina ganin ƙungiyoyin 'yan fito za su iya mayar da su sharaɗin tashi.

Abu ɗaya da ya kamata saƙon ya ambata, ya kuwa tsallake shi, shi ne ruwan gishiri da sukari. Rashin ruwa a jiki ne ke kisa a waɗannan cututtukan. A sayi ƙullin ORS a kemis a sa a jaka kafin a tashi. In babu, lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ko yana amai. Mai shayarwa kada ta janye nono. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Jarirai kuma a kai su rigakafin rotabairos, wanda Najeriya ta sa cikin rigakafin yau da kullum tun 2022. Shi ma rota kaɗai yake tarewa.

Idan gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa tana zuba ba tsayawa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa sha ya yi laushi, ko aka ga jini, to a bar maganar kasuwa. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin awanni, amma idan aka samu magani da wuri masu mutuwa ba sa kai 1 cikin 100. A roƙi matuƙi ya tsaya a gari mafi kusa mai asibiti ko ɗakin shan magani, a ci gaba da ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari har a isa, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya jirgin da aka shigo da garuruwan da sauran fasinjoji suka sauka, don a bi sawunsu.