Fetur ko Gas: Wace Motar Ɗaukar Kaya Ta Dace da Kai?

Da zarar kaka ta yi, hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Bichi da Tsanyawa da Kankiya zuwa Katsina takan cika da motocin da ke jigilar gero da dawa da wake da gyaɗa. Daga ƙauyukan Kusada da Kankiya ana kai amfanin gona kasuwar Charanchi, wani kuma a wuce da shi har Dawanau. Duk wanda ya tara jari ya yi niyyar sayen akori-kura ko Kanta, tambayar farko da ke fuskantarsa ita ce: mai shan fetur zai saya ko mai shan gas, wato dizal? Amsar ba ƙaramin abu ba ce, domin kuskure a nan kan cinye ribar shekaru.

Bambancin injunan biyu

Injin fetur da muka sani ya samo asali ne daga aikin wani Bajamushe, Nikolaus Otto, a shekarar 1876. A cikinsa ana haɗa iska da fetur, fistin ya matse su kamar sau 8 zuwa 12, sannan fulogi ya ƙyasta wuta su kama. Shi kuwa injin gas, wanda Rudolf Diesel ya kammala a 1897, ba ya da fulogin ƙyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta sau 15 zuwa 22, har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Selshiyos. A daidai wannan lokaci ne nozul ke fesa mai, nan take ya kama da kansa.

Wannan matsa mai tsanani ita ce sirrin injin gas. Gwargwadon yadda aka matse iska, gwargwadon yadda injin ke juya zafin mai zuwa aiki. Bugu da ƙari, lita ɗaya ta gas ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfin makamashi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa motar gas kan yi tafiya ɗaya da ta fetur amma ta rage kusan rubu'in man. Haka nan tana da ƙarfin ja tun injin bai ɗauki gudu ba, abin da mai fita da buhuna daga gona mai yashi yake bukata. Dalilin ke nan da ya sa tirela da tifa da tantan duk gas suke sha.

Sai dai kowane alheri da nasa farashi. Injin da zai jure irin wannan matsa dole a yi shi da ƙarfe mai kauri, saboda haka ya fi nauyi, ya fi tsada, ko da yake yakan fi daɗewa.

Lissafin aljihu

A Nijeriya kimiyya kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an dubi farashi. Tun 2003 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin gas, alhali ta ci gaba da tallafa wa fetur. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar gas ta kai wajen naira 800, fetur kuwa bai kai 200 ba a gidajen mai da ke bin farashin hukuma. A wannan shekara masu motocin gas sun ji jiki. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sai tazarar ta ragu ƙwarai. A 2024 kuma matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da man iri biyu.

Ga misali don mai karatu ya gwada da farashin ranar da yake ciki. A ce motar fetur na shan lita 12 a kilomita 100, ta gas kuma lita 9. Idan fetur naira 900 ne, gas 1,100, ta farko za ta ci 10,800, ta biyu 9,900. Rarar naira 900 ke nan. Direban da ke zirga-zirgar Kankiya zuwa Kano har ya ci kilomita 40,000 a shekara zai tsira da naira 360,000. Manomin da ba ya wuce kilomita 8,000 kuwa 72,000 kacal zai samu, abin da gyaran injekta sau ɗaya ke iya lashewa. A wannan misali, muddin kuɗin gas ya zarce na fetur da sulusi, rarar ta ƙare.

Gyara da yanayi

Kafin a biya kuɗi, a tambayi kai: wa zai gyara ta? Kusan kowane bakanike ya san injin fetur, tun zamanin Peugeot 404 da 504 da ake haɗawa a Kaduna. Famfo da nozul na injin gas kuwa, musamman na zamani masu aiki da kwamfuta, suna son gwani da na'ura, wanda sau da yawa sai an dangana da Kano ko Katsina. Ba sa kuma jure gurɓataccen mai. Gas ɗin da ruwa ya shiga, ko aka gauraya da kananzir a wurin 'yan bumburutu, yana iya kashe famfo cikin ɗan lokaci. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce: injin gas na zuƙar iska mai yawa, don haka wajibi ne a riƙa duba matatar iska da canza baƙin mai a kan kari.

Akwai kuma batun lafiya. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gas cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu. Hayaƙin fetur kuma na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa a rufaffen wuri. Kada a bar kowane inji yana aiki cikin gareji ko kusa da ɗakin kwana.

Kammalawa

Mai kaya masu nauyi da doguwar tafiya kullum, wanda ke da amintaccen gidan mai da ƙwararren bakanike, gas ya fi masa. Mai ƙaramin jari da ke kai-komo tsakanin gona da kasuwar kusa, fetur ya fi rufa masa asiri. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce dacewa ba. A ɗauki alƙalami a yi lissafi tun kafin a je wurin dillali.