Tsiro mai cin ƙwari: ko zai tsare maka hatsi?

Wata takarda ta zo mana daga ƙasar Mayahi. Wani ɗan'uwa da ya gama karatun yaƙi da jahilci ne ya rubuto ta da hannunshi. Ya ce ɗanshi ya komo daga ci-rani, ya gwada mashi hoto mai motsi cikin salula: wani tsiro ne mai ƴan tuluna rataye a bakin ganye, tururuwa na hawa suna faɗawa ciki. Ya ce har an yi ma yaron tallar irin, a aika kuɗi ta waya a kawo. Tambayarshi biyu ce. Shin abin gaskiya ne, ko ƙaryar hoto? In gaskiya ne, mi zai hana a shuka shi gefen gona ya cinye murzuna da fara?

Gaskiya ne, akwai shi. Amma riƙe kuɗinka tukuna, ka karanta har ƙarshe.

Masana na kiran shi Nefentes. Ba shi da suna a Hausa tun da ba ya fita ƙasarmu, don haka bari mu ce mashi mai-tulu. Irinshi sun fi 150. Yawancinsu can gabas mai nisa suke, a tsibiran Malesiya da Indonesiya da Filifin. A nan wajenmu Afirka sai cikin teku ake samun shi: iri biyu a Madagaskar, ɗaya a tsibiran Seshel. Wani Bafaranse mai suna Flacourt, wanda ya yi gwamna a kudancin Madagaskar, ya rubuta bayaninshi tun 1658. Amma sai 1874 wani masanin itatuwa na Ingila, Joseph Hooker, ya gwada ma jama'a cewa ruwan da ke cikin tulun yana narkar da nama da farin ƙwai kamar yadda cikin mutum ke yi.

Yadda tarkon yake

Tulun nan ba fure ba ne, ba ɗa ba ne kuma. Ganye ne. Jijiyar tsakiyar ganyen ce ke zarcewa ta yi tsawo kamar igiyar duma, sai bakinta ya kumbura ya zama ɗan tulu da marfinshi. Wani bai wuce yatsa ba, wani ya kai gora. Mafi girma yana a dutsen Kinabalu, tsibirin Borneyo. Tulunshi na ɗaukar ruwa fiye da litir 3, har akan iske ɓera ya mutu ciki jefi-jefi.

Marfin ba ya rufewa a kan ƙwaro. Mutane da yawa na tsammanin haka, amma aikinshi tare ruwan sama ne. Ƙarƙashin marfin da bakin tulun akwai wani ruwa mai zaƙi kamar zuma. Shi ke kiran tururuwa da ƙudaje. Bakin tulun in ya jiƙe yana da santsi, kamar bakin rijiya da sassafe in mata sun gama ɗiba. Ƙwaro na cikin lasa sai ƙafa ta zame. In ya faɗa ba ya fita, don bangon ciki na da wani abu kamar kakin zuma wanda ƙafa ba ta kamawa. Can gindi ruwan narkarwa ke jira. Cikin kwanaki ƙwaron ya narke, bangon tulun ya tsotse abincin, sai ɓawo ya rage.

To, mi ya sa tsiro zai yi wannan wahala? Nan ne zancen ya shafe ka. Yunwa ce. Inda mai-tulu ke fita ana ruwa kusan kowane wata, a shekara ya wuce milimetir 2,000, wani wuri ma ninkin haka. Mu nan Tasawa da Mayahi in mun samu 500 sai mu ce damana ta yi kyau. Wannan ruwa mai yawa yana wanke ƙasa, ya tafi da abincin shuka, musamman wanda masana ke kira azot, wanda ke cikin takin ure da kashin dabbobi, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Ka san jigawar da ta gaji, wadda hatsi ke fita ja-ja a cikinta. Wake da gyaɗa da gawo suna da tasu dabara: wasu ƴan halittu da ke cikin saiwarsu na kamo masu azot daga iska. Mai-tulu bai da wannan, sai ya ɗana tarko. Ƙwarin nan su ne takinshi, kuma ba shi bukatar mai yawa.

Akwai ma wani iri a Borneyo da ya yi abin da kake yi da makiyaya bayan girbi. Kai kana ba su hatsi su sauka da shanu a gonarka su bar maka taki. Shi kuma yana fidda zaƙi ƙarƙashin marfi, wata ƴar dabba mai kama da kurege ta zo ta hau bakin tulun tana lasa, tana kashi ciki. Yawancin azot ɗin da yake samu daga nan yake fitowa.

In ya shigo hannunka

A Turai da Amurka da Asiya akwai masu kiwon shi don sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Yana yiwuwa wata rana ɗanka ko malamin lakwal ya zo da shi cikin ɗan gwangwani. To ka sani, duk abin da ka saba yi ma shukar garka, in ka yi ma wannan ka kashe shi.

Fara da ruwa. Ruwan rijiya da na famfo na da gishiri da kanwa narke ciki ko ba ka ji a baki ba. Su ne farin da kake gani ya daskare jikin randa. Saiwar mai-tulu siririya ce, baƙa, ba ta jure su. Ruwan sama yake so, kuma kar ƙasarshi ta bushe ko sau ɗaya. Yi lissafi da kanka. In za ka ba shi rubu'in litir kullum, wata takwas na rani litir 60 ke nan, bido uku masu litir 20, waɗanda za ka tara tun damana ka rufe ka hana kowa taɓawa. Tambayi uwargida ko ta yarda.

Ba a sa mashi ƙasar gona, balle ta bola ko ta garke. Masu kiwon shi na amfani da wata gansakuka ta ƙasashen sanyi, ko zaren ɓawon kwakwa da anka jiƙa anka wanke sau da yawa har gishirinshi ya fita. Abin da ake nema shi ne wuri mai danshi, mai shan iska, marar abinci. Tukunyar ta zama ta roba mai huji a gindi, ruwa ya riƙa wucewa, kar ta zauna cikin ruwa tsundum.

Haske kuma sai da lura. In ya yi kaɗan, ganye zai yi tsawo ya yi kore mai duhu, ka yi ta murna, amma tulu ko ɗaya ba zai fito ba. In ya yi yawa, ganyen ya ƙone ya yi tabo. Ɗan ja-ja a ganye ba laifi, alama ce hasken ya ishe shi. A ƙasarmu wurin da ya dace shi ne gabashin ɗaki, ya sha ranar safe daga fitowarta zuwa hantsi, sa'an nan ya wuni inuwar rumfa ko ta bedi inda haske ke ratsowa. Ranar tsaka ta bazara, lokacin da zafi ke wuce 40, ba ta barin shi. Masu kiwon shi cikin ɗaki a Turai fitilar lantarki mai ƙarfi suke kunna mashi awa 12 zuwa 14 kowace rana. Ƴar fitilar nan mai cajin rana da yara ke karatu da ita ba ta isa.

Babban abokin gabanshi a nan hunturu ne. Iskar da ke fasa maka leɓe ita ke busar da tulun tun yana ƙarami. Ana iya sa tukunyarshi cikin babbar tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a kewaye da farar leda a bar kafar iska a sama. Amma kar rana ta same shi cikin ledar, dahuwa zai yi. Wasu irin ma na kan duwatsu ne, sai dare ya yi sanyi suke rayuwa. Waɗannan kam ba su da zama a Tasawa ko da wace dabara.

Sai taki, inda anka fi yin ɓarna. Mutum ya ga tsiron bai girma da sauri, tausayi ya kama shi, ya barbaɗa mashi ure ko 15-15-15 ko kashin awaki. Kwana kaɗan saiwa ta ƙone. In ma bai mutu ba, sai ya daina yin tulu, don wanda ya ƙoshi ba ya ɗana tarko. In yana waje, bar shi, zai kama abincinshi da kanshi. In yana inda ƙwari ba su zuwa, jefa mashi tururuwa ko ƙuda ɗaya ko biyu cikin tulu sau ɗaya a wata. Kar ka sa nama ko tuwo, ruɓewa za su yi su ruɓar da tulun. Gwanayen kiwon shi na narka taki cikin ruwa, rubu'in abin da ake ba sauran shuke-shuke, su fesa a ganye ko su ɗiga cikin tulu. Kai da ka san yadda ure ke ƙone irin hatsi in ya taɓa shi cikin rami, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Batun irin da ake talla ta salula kuwa, ga abin da ya kamata ka sani. Mai-tulu akwai namiji akwai tamata, kamar dabino, guda ɗaya ba ya ba da iri. Irin siriri ne kamar zare, ba ya daɗewa yake mutuwa, kuma ko ya tsira sai an yi shekaru kafin ka ga tulun kirki. Masu kiwon shi sun fi yankar reshe su dasa. Ban da haka, fitar da shi daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar hukuma, don ana tsoron ya ƙare a dajinshi. Wanda ya ce ka aiko kuɗi ya aiko maka da iri cikin ambulan, ba ka da hanyar sanin abin da ya ƙulle maka.

Murzuna fa?

Yanzu ka ga amsar da kanka. Tsiron da ba ya jure rana, ba ya shan ruwan rijiya, ba ya son ƙasar gona, ina zai zauna tsakiyar hatsi? Ko ya zauna, ɗan abin da yake ci a wata bai kai cikin cokali ba. Murzuna kuma, wadda wasu ke kira zuzuda, ba ta yawo ƙasa balle ta faɗa tulu. Uwarta malam-buɗe-littafin dare ce, a kan zangarniya take ƙwai. Tsutsar na cin hatsin tana kewaya zangarniyar, in ta ƙoshi ta sauka ta shige ƙasa ta yi rani can. Fara ta fi ƙarfin tulun. Masu cewa yana maganin sauro ma su sani akwai sauron da cikin ruwan tulun yake hayayyafa.

Mai cin murzuna na nan cikin gonarka tuni. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai ƙaramar tururuwa ba, ba ya harbin mutum. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai jikinta, ƴaƴanshi su cinye ta. Tun 2006 masu binciken noma na INRAN da ke Maraɗi sunka fara kiwon shi suna kai wa ƙauyuka cikin ƴan ƙananan buhuna masu ɗan hatsi a ciki. Ana rataye buhunan jikin itace ko rumbu, ƙwarin su yi ta fita suna bazuwa cikin gonakin da ke kewaye. Aikin gari ne, don ƙwaron bai san iyakar gona ba. Lokacinshi shi ne sa'ad da hatsi ya fara fidda kai. Ku je wurin malamin gona na Tasawa ko na Mayahi tun kafin nan, ku tambayi inda ake samun buhunan. In an saki ƙwarin kar a bi da feshin magani, don shi ma yana kashe su.

In kuwa sha'awa ce kawai, kana son ganin tsiro mai cin nama da idonka, ba sai ka biya ko dala ba. Akwai wani mai cin nama kamarshi a tabkunan Sahel, har da na Nijar, masana na ce mashi Utirikulariya. Ƙarshen damana ka je bakin tabki inda ruwa ya kwanta ya yi garau, ka nemi ɗan fure rawaya tsaye bisa ruwa. Ba shi da saiwa. Sa hannu ka ɗago shi, za ka ga ganye kamar gashi, jikinshi cike da ƴan jikkuna da ba su wuce ƙwayar hatsi ba. Kowace jikka tarko ce mai ƙofa. Ɗan ƙwaron ruwa na taɓa bakinta sai ta zuƙe shi, da sauri wanda ido ba ya gani. Waɗanda sunka yi baƙi su ne masu abinci a ciki. Ɗebo shi da ruwan tabkin cikin farin kwano, ka kai ma yara da ƴan ajinku su duba a haske. Bayan kwana biyu ko uku ka maida shi tabki ka kife kwanon, kar sauro ya samu wurin ƙwai a gida.