Hoton Mutum da Karensa: Yadda Ake Kama Abin da Ke Tsakani

A shekarar 1974, a birnin New York na Amurka, mai ɗaukar hoto Elliott Erwitt ya ɗauki wani hoto da har gobe masu sana'ar suke nuna wa ɗalibai. Babu fuskar mutum a cikinsa. Daga hagu dogayen ƙafafu ne na wani ƙaton kare, a tsakiya ƙafafun mace cikin takalma masu tsayi, daga dama kuma wani mitsitsin kare ne sanye da hular saƙa, ya zazzaro ido yana kallon kyamara. Aikin hoton takalman mata aka ba shi, shi kuwa ya yi tunanin ai babu mai ganin takalma kamar kare, sai ya saukar da kyamararsa har ƙasa. Shirya wannan hoton aka yi, ba kama shi ya yi a kan hanya ba, amma dabarar da ke ciki ita ce ya riƙe a ɗimbin hotunan karnukan da ya ɗauka ba shiri a titunan duniya, tun kafin ya shiga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1953 har ya rasu a 2023 yana da shekara 95. Littattafai da dama ya fitar na karnuka zalla.

Darasin farko ke nan, kuma shi ne wanda aka fi ƙi: sauka ƙasa. Yawancinmu a tsaye muke ɗaukar hoto, mu karkata waya mu leƙo kare daga sama. Abin da ke fitowa shi ne gadon bayansa, da ƙasa, da yatsun ƙafar mai shi. Kan ya yi girma, ƙafafu su gajarce, dabbar ta koma kamar wata abar tausayi da aka tarar a bakin hanya. Tsugunna, ko ka durƙusa, in ta kama ma ka yi rub da ciki, har idon kyamara ya yi daidai da idon karen. Mai waya yana da wata sauƙaƙa: juya ta kai ƙasa, yadda idon kyamarar zai koma kusa da turɓaya. Nan take bayan hoton zai buɗe, sama ta shigo, kare ya samu girman da yake da shi a idon mai shi. Wanda ke tsoron ɓata wandonsa, to ya haƙura da wannan fanni.

Sai dai sauka ƙasa somin-taɓi ne. Abin da ake nema ba karen ba ne shi kaɗai, ba kuma mutumin ba, shaƙuwar da ke tsakaninsu ce, ita kuwa ba ta tsayawa a yi mata hoto. Da zarar ka ce wa mutum "kalle ni, yi murmushi", ya bar karensa ya dawo wurinka, shi ma karen ya bi idon ubangidansa ya juyo. Ka samu halittu biyu suna kallon baƙo. Hoton da ke raye shi ne wanda suke kallon juna, ko suka haɗu suna kallon wani abu can daban.

Wannan kallon ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan, cikinsu har da Miho Nagasawa da Takefumi Kikusui, suka wallafa a mujallar Science cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna haɗa ido, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikin su duka biyun, shi ne kuma sinadarin da ke aiki tsakanin uwa da jaririnta. Da aka gwada da kyarkecin da mutane suka raina tun yana ƙarami, ba a ga haka ba. Wani binciken na 2019, wanda Juliane Kaminski ta jagoranta, ya nuna cewa kare yana da wata 'yar tsoka a saman ido da ke ɗaga gefen girarsa na ciki, wadda a kyarkeci kusan babu ita. Ita ce ke ba shi wannan kallon marairaicewa. Abin ba ya wuce ƙiftawar ido, shi ya sa mai ɗaukar hoto zai riga ya saita komai, ya zauna yana jira, yatsansa a kan maɓalli.

To ta yaya za a manta da kai alhali kana tsugune da kyamara? Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kare ma haka yake. Kada ka zo ka fara ɗauka nan take. Gaisa da mai shi, ku yi hira, ka bar karen ya zo da kansa ya shinshina ka, ya shinshina wayar, ya ga ba abinci ba ce ba kuma makami ba, ya koma sha'aninsa. Kada ka zuba masa ido kai tsaye, domin a wurin kare, baƙo mai ƙura ido tsokana yake nema. Kashe ƙarar maɓalli. Sannan ka ba mutumin abin yi, abin da dama ya saba yi: ya ba shi ruwa, ya kwance masa igiya, ya yi masa fito daga nesa. Hannu idan ya samu aiki, fuska takan saki.

A nan ne nake ganin masu ɗaukar hotonmu suke yin asara. Sun ga hotunan Turawa a intanet, mutum ya rungume kare yana sumbatarsa, sai su ɗauka in ba haka ba babu ƙauna a hoton. A ƙasar Hausa ba haka ake zama da kare ba, kuma shaƙuwar tana nan, wurin da take fitowa ne daban. Je ka wurin mafarauta da rani, bayan an dawo daga daji. Ga mutum zaune a gindin bishiya, ya ɗora dagin karensa a cinya yana cire masa ƙaya, shi kuma karen ya miƙa ƙafar ya kau da kai, ya san ciwon na ɗan lokaci ne. Ga wani ya tsiyaya ruwan gorarsa a sakaina, bai sha ba sai da karen ya lashe. Ga yaro yana laluba bayan kunnen kwikwiyo yana tsince kaska. Ga karen makiyayi da ke tafiya gaba kaɗan, ya tsaya, ya waiwayo ya ga ko ana biye. Wannan waiwayen kaɗai ya fi runguma goma. A yawancin waɗannan hotuna hannu ne jigo, don haka matsa kusa, ka bar fuska ta fita daga hoton in ta kama.

Ita rungumar ma ba kowane kare ke son ta ba. A 2016 Stanley Coren, masanin halayyar karnuka a Kanada, ya duba hotuna 250 na mutane rungume da karnuka da ya tsinto a intanet, ya ce a fiye da kashi 80 cikin ɗari akwai alamar takura a jikin karen. Ba cikakken binciken da masana suka tantance ba ne, kuma an yi ta musu a kansa, amma alamomin da ya lissafa sanannu ne ga masu horar da karnuka, irin su Turid Rugaas ta ƙasar Norway da ta yi littafi a kansu: hamma ba tare da barci ba, lasar hanci, kwantar da kunne baya, kau da kai har farin ido ya bayyana. Mutum yana washe baki, karensa yana roƙon a sake shi. Wanda ya san kare, da kallo ɗaya zai gane hoton ƙarya ne. Alamar sakin jiki kuwa ita ce baki a ɗan buɗe, ido a lumshe kaɗan, jiki ya jingina da ƙafar mutum da kansa. Kaɗa wutsiya ita kaɗai ba shaida ba ce. Kare yakan kaɗa ta a sandare gab da ya kai cizo.

Batun na'ura ba shi da yawa. Kare ba ya zama wuri ɗaya, don haka mai babbar kyamara ya sa saurin ɗaukarta a kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, in gudu ake yi ya kai shi kashi ɗaya cikin 1000. Saita kaifin hoton a kan idon da ya fi kusa da kai, domin kyamara in an bar ta da kanta hanci take kamawa, shi ne a gaba. Tun 2019 kamfanin Sony ya sa wa wasu kyamarorinsa dabarar gano idon dabba, sauran kamfanoni ma yanzu suna da ita. Mai waya ya taɓa idon karen a fuskar wayar, ya kuma yi amfani da tsarin ɗauka a jere, hoto goma ko ashirin a bugu ɗaya. Kada ka kusanta waya da fuskar kare sosai, hancin zai kumbura. Ja baya ka jawo hoton ninki biyu.

Haske ya fi duk wannan muhimmanci, kuma ranarmu ba ta da sauƙi. Ɗauki mutum cikin farar riga da baƙin kare da tsakar rana: in rigar ta fito, karen ya zama dunƙulen duhu marar ido, in karen ya fito, rigar ta ƙone fari fat. Maganin shi ne hantsi ko la'asar sakaliya, ko inuwar da ke buɗe ga sama, kamar bakin zaure ko gefen katanga. Inuwar darbejiya mai ɗigon rana takan yi wa fuska dabbare-dabbare, a kula. Hazon hunturu, wanda kowa ke kuka da shi, alheri ne ga mai hoto, domin yana tausasa rana tun safe har yamma. In rana ta yi ƙasa, gwada sa ta a bayansu, gashin karen da ƙurar da ya tayar za su kama haske. Filasha kuwa a kashe ta. Bayan firgita dabba, a bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke taimaka masa gani da dare, shi ne ke sa idon ya fito kore shar kamar na aljani.

Erwitt yakan yi wa karnuka haushi da bakinsa don su ɗaga kunne ko su yi tsalle. Ban ba ka shawarar kwaikwayonsa a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Mai tsugunawa ya kai fuskarsa daidai bakin kare, to ya fara tambaya ko an yi masa allurar rigakafi, kada kuma ya kusanci karya mai shayarwa ko kare mai cin abinci. In an samu cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti ranar. Hoton da aka ɗauka ba shiri kuma ba ya nufin hoton sata: nemi izini tun farko, ka nuna wa mutum abin da ka ɗauka, musamman in akwai yara ko matan gida a ciki.

Saura zaɓe. Cikin hoto ɗari, yawancin mutane sukan ɗauki wanda ya fi kaifi, wanda kowa ya fito tsaf. Duba na kusa da shi, na gaba ko na baya, inda wutsiya ta ɗan dusashe saboda motsi amma hannu ya sauka a kan wuya daidai lokacin da karen ya ɗago ido. Shi za ka kai wa mai karen, sauran ka goge.