Zanen Yatsan Ɓarawo da Hannuwan 'Yan Jaje

Da zarar an fasa shago a Zango ko Daura, sai ka ji ana cewa: "To ina amfanin NIN da BVN da aka ɗauki yatsun kowa? A duba kwamfuta mana a kamo ɓarawon." Masu wannan magana sun tsallake babban aikin. Kwamfuta ba ta da abin kwatantawa sai an ɗago zanen yatsan daga jikin ƙofa ko kwaɗo, shi kuwa zanen, ido ba ya ganinsa, gumi ne kawai da maiƙon fata.

Tsohuwar dabara ita ce a barbaɗa baƙar hoda a bi da buroshi mai laushi. Tana aiki a kan gilashi ko farin fenti, amma a jikin leda mai launi-launi ko takardar naira zanen ɓacewa yake yi cikin adon. Shi ya sa masana suka koma ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli da ba su wuce nanomita 10 ba, alhali kaurin silin gashi ya kai kusan nanomita 80,000. Don tsabar ƙanƙanta, suna manne wa maiƙon layi-layi, wani sa'in har ramukan gumi su fito. A haska musu fitilar ultrabayolet, sai su yi walwali kamar idon mage da aka dalle wa tocila cikin dare. Gano irin waɗannan ƙwayoyi ne ya kai Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov ga kyautar Nobel a 2023. Wasu daga cikin ƙwayoyin na da sinadarin kadmiyam mai guba, don haka ake gwada na kabon, waɗanda ake iya haɗawa ko da ɓawon lemo. Galibinsu dai suna ɗakunan gwaji tukuna.

Sai dai ba hodar da ke dawo da abin da aka goge. Kafin 'yan sanda su iso, maƙwabta da 'yan jaje sun cika wurin, kowa ya taɓa kwaɗon, ya jijjiga ƙofar, mai shago ya share ya kintsa kaya. Zafin rana da ƙurar hunturu su ƙarasa sauran.

Mu a Katsina ba sai mun jira wannan hoda ta zamani ba: a ba kowane ofishin 'yan sanda hodar gargajiya da jami'i ɗaya da ya ƙware. Ku kuma jama'a, in an yi sata, ku yi jajenku daga waje, kada ku taɓa komai.