Jai-alai: Wasan da Kwando Ke Harba Ƙwallo Kamar Harsashi

A gindin tsaunukan Pyrenees, inda iyakar Sifaniya ta haɗu da ta Faransa, akwai al'ummar da ake kira Bask. Da wuya ka shiga ƙauyensu ba ka tarar da dogon bango a dandali ba, yara na buga ƙwallo a jikinsa. Daga wannan wasa ne jai-alai ya samo asali. Ana furta sunan "hai-alai", ma'anarsa "biki mai daɗi", kodayake a gida an fi kiransa zesta punta.

Sirrin wasan yana cikin kwandon. Dogo ne siriri, mai lanƙwasa kamar lauje, da safar fata a gindinsa inda ɗan wasa ke zura hannu, a ɗaure tamau. Da itace ake lanƙwasa bakinsa, sannan masaƙi ya zauna ya saƙa jikinsa da hannu, daidai da tsayi da ƙarfin mai shi. Ita kuwa ƙwallon, cikinta roba ce mai tauri da aka naɗe da zare, aka rufe da fatar akuya ninki biyu. Nauyinta bai wuce giram 140 ba, amma tauri sai ka ce dutse. Kafin a yi minti 20 ana wasa fatar ta galabaita, sai a mayar wa baduku ya sake ɗinkawa.

Filin yana da tsawon kusan mita 54, da bango uku: gaba, baya da hagu. Da sassaƙaƙƙen dutse ake gina na gaba, don siminti ba ya jure dukan. A dama raga ce kawai ta raba 'yan wasa da 'yan kallo, shi ya sa ko bahago dole ya ɗaura kwando a hannun dama. Ɗan wasa zai cafke ƙwallon a sama, ko bayan ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ya wurga ta bango nan take ba tare da ya riƙe ta ba. A 1979, a garin Newport na Amurka, José Ramón Areitio ya yi jifa mai gudun kilomita 302 a awa. Wanda ya ga irin wannan jifa ba zai tambayi dalilin da ya sa 'yan wasa ke sa hular kwano ba.

'Yan ci-ranin Bask ne suka kai wasan Ajantina, Kyuba, Meziko da Filifin. An sa shi cikin gasar Olamfik ta 1900 a Paris, inda lambar zinare ta tafi Sifaniya. Wasannin ƙwallon Bask sun sake bayyana a 1924, 1968 da 1992, amma don nuni kawai. A 1929 aka kafa hukumarsu ta duniya a Buenos Aires, aka fara gasar duniya a 1952 a San Sebastián.

Inda wasan ya fi yin kasuwa shi ne jihar Florida ta Amurka, bayan an halatta caca a kansa. A Disamban 1975, mutum fiye da 15,000 suka cika zauren Miami a dare ɗaya. Sai dai galibinsu tikitin caca ya kawo su. Da 'yan wasa suka shiga yajin aiki a 1988, wanda ya kai 1991, kuma wasu hanyoyin caca suka buɗe, jama'a suka watse, zauruka suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A Filifin ma an haramta wasan a 1986 saboda zargin maguɗi, aka rushe shahararren zaurensa na Manila a 2000.

Abin takaici ne ganin fasaha irin wannan ta jingina rayuwarta da aljihun 'yan caca, domin abin aro ba ya rufe katara. Amma a garuruwan Bask irin su Markina da Gernika, har yau ana ɗaura wa yaro ƙaramin kwando a hannu, a koya masa cafke ƙwallo. Muddin yaran nan suna zuwa fili, masaƙi da baduku kuma suna da magada, jai-alai yana da sauran rai.